Gubar da Muke Kawowa Gida da Hannunmu

Ƴan uwa manoma, iyaye mata, da duk mai riƙon yaro, darasinmu na wannan karo a kan guba ne. Idan aka ambaci guba, hankalin yawancinmu yakan tafi ga maciji ko kunama, wasu kuma ga sammu. Wadda muke nufi a nan ita ce wadda muka sayo da kuɗinmu a kasuwa, muka ɗauko da hannunmu, muka ajiye a ƙarƙashin gado ko a bayan randa. Hausawa sun ce: ido, wa ka raina? Ya ce, wanda nake gani kullum. Maganin ƙwari, esansi, sodar sabulu da ƙwayoyin magani duk abubuwa ne masu amfani, kuma kullum muna ganinsu, shi ya sa muka daina jin tsoronsu.

Yaro mazubi yake dubawa

Daga lokacin da yaro ya fara rarrafe, wajen wata 8 ko 9, har ya kai shekara 5, duk abin da hannunsa ya kama sai ya kai shi baki. Abin ya fi tsanani tsakanin shekara 1 da shekara 3, lokacin da ƙafa ta yi ƙarfi amma hankali bai zo ba. Kada mu ce ɗaci ko wari za su hana shi. Yakan haɗiye kafin ya ji ɗacin. Ga shi kuma jikinsa ƙarami ne. Yaro mai shekara 2 nauyinsa yana wajen kilo 10 zuwa 12, babban mutum kuwa yakan kai kilo 60 ko fiye. Abin da zai sa babba jiri da ciwon kai yana iya raba yaro da ransa.

Yaro ba ya karatu, kuma bai san hoton gargaɗi ba. Abin da ya sani shi ne mazubi. Ya ga an sha ruwan zoɓo a cikin kwalbar roba, ya ga an sha ruwan sanyi a cikinta, don haka duk abin da ke cikin irin wannan kwalba a wurinsa abin sha ne. Haka ƙoƙo, haka moɗa, haka gwangwanin madara. Mu kuwa a cikin waɗannan muke juye guba, domin su ne a kusa, kuma ba a sayensu. Mai sayar da maganin feshi a kasuwar ƙauye yakan auna wa mutum kaɗan a tsohuwar kwalbar lemo, babu suna, babu takarda. Magidanci ya kawo ta gida, ya ajiye a gindin bango da niyyar gobe da sassafe zai tafi da ita gona. Tsakanin la'asar da wayewar gari akwai sa'o'i masu yawa, kuma yaro mai ƙishirwa yana yawo a tsakar gidan.

A bazara, daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Tawa da Maraɗi da Damagaram, ƙishirwa tana sa yaro ya kurɓi duk wani ruwa da ya samu. A damina kuma, da lokacin aikin garka, maganin ƙwari ne ke cika gidaje.

Kananzir da esansi

A da, kananzir na fitila ne ya fi yi wa yara illa. Yanzu tocila da fitilar hasken rana sun rage shi a gidaje da yawa, sai dai esansi ya maye gurbinsa. Moto ta yawaita, injin ban ruwa ya yawaita, kuma a bakin hanya a cikin kwalabe ake sayar da man. Duka biyun hanya ɗaya suke bi su yi ɓarna, kuma ya kamata mu fahimce ta, domin a nan iyaye suka fi yin kuskure.

Kananzir ko esansi idan ya sauka cikin ciki, illarsa ba ta cika yawa ba. Babban haɗarinsa yana ga huhu. Mai ne mara kauri, yana da saurin sulalewa, kuma abin da bai cika ƙaramin cokali ba idan ya bi hanyar numfashi ya isa ya ƙona huhu. Yaro ya riga ya haɗiye, man ya wuce maƙogwaro sau ɗaya. Idan aka sa masa yatsa a baki don ya yi amai, an sake biyo da man ta maƙogwaron karo na biyu, kuma a wannan karon ne ya fi shiga huhu. Uwa ta yi haka ne don ta ceci ɗanta, ba ta san ta ƙara masa ciwo ba.

Alamunsa su ne tari, shaƙewa, warin mai a baki da tufafi, numfashi da sauri, zazzaɓi, da yawan barci. Wani yaron yakan yi tari kaɗan ya koma wasa, sai da dare numfashi ya tsananta. Saboda haka malaman lafiya sukan riƙe shi aƙalla sa'o'i 6 suna dubawa, ko da ya yi kamar lafiya lau.

Maganin gona da maganin rumbu

A nan za mu ɗan daɗe, domin wannan shi ne aikinmu. Masu albasa a Galmi, masu garka a Jiratawa da Ƙonni, da duk mai gonar wake, kowa ya san feshi. Da yawa daga cikin magungunan feshi dangi ɗaya ne da fiya-fiya, wanda wasu ke yayyafawa a ɗaki don sauro da kuɗin cizo. Aikinsu shi ne su rikita jijiyoyin ƙwaro har ya kasa motsi, kuma haka suke yi wa jijiyoyin mutum. Ba sai an sha ba, suna shiga ta fata, suna shiga ta numfashi. Yaron da ya rungumi ubansa da rigar feshi a jikinsa, ko ya yi wasa da famfon feshi da ba a wanke ba, ko aka kwantar da shi a tabarmar da aka yayyafa wa fiya-fiya, duk ya samu rabonsa.

Alamun irin wannan guba suna da sauƙin ganewa ga wanda ya san su: yawu yana dalala, zufa tana karyowa, hawaye, amai da zawo, ƙirji yana kurari, naman jiki yana rawa, baƙin ido ya tsuke ya zama kamar kan allura. Idan ta yi yawa sai farfaɗiya da suma. Mutane da yawa sukan ce iska ce ta taɓa shi, a tsaya neman hayaƙi, lokaci yana wucewa. Alhali wannan guba tana da makari, allura ce da ake kira atirofin, kuma tana aiki sosai idan an isa da wuri.

Ga waɗanda suka koyi karatu, takardar da ke jikin gwangwani tana magana. A ƙasanta akwai layi mai launi. Ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a giciye yana nufin abin yana kisa. Kore ma ba ya nufin yaro zai iya taɓawa. Ƙasashen Sahel da ke cikin ƙungiyar CILSS, har da ƙasarmu, suna da kwamiti guda mai tantance magungunan ƙwari, kuma wanda ya amince da shi yana ɗauke da lambar izini a takardarsa. A shekarar 2011 kwamitin ya hana maganin ciyawa mai suna parakwat, wanda kurɓi ɗaya nasa yana iya kisa kuma ba shi da makari. Maganin da aka juye a kwalbar lemo kuwa ba shi da launi, ba shi da lamba, ba shi da suna. Ranar da yaro ya sha shi, malamin lafiya zai tambayi me ya sha, babu mai amsa.

Gwangwani ko bidon da magani ya ƙare a ciki shi ma guba ne. Roba tana tsotse maganin, kuma babu yawan wanki da zai mayar da ita abin zuba ruwan sha, ko nono, ko man girki. Mun san bido yana da tsada, kuma zuciya ba ta son a yar da abu mai kyau. Duk da haka hanyar ita ce a ɗauraye shi sau 3 tun a gona, a juye ruwan ɗaurayar cikin famfon feshi, a huda gindinsa da wuƙa don kada wani ya tsinta ya yi amfani da shi, sannan a tambayi malamin gona inda za a kai shi. Irin shuka da aka gauraya da garin magani, wanda yakan zama ja ko ruwan hoda, shi ma ba a barinsa a ƙwarya a tsakar gida. Gyaɗa ce ko wake a idon yaro. Abin da ya saura bayan shuka ba a wanke shi a dafa, ba a kuma ba kaji.

Sai ƙwayar nan mai ruwan toka da ake jefawa cikin buhun wake don ƙwari, wadda aka fi sani da sunan Phostoxin. Da zarar ta sha danshin iska sai ta riƙa fitar da wata iska mai guba, mai wari kamar tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi. Iskar tana fita ta saƙar buhu, tana bi ta tsagar bango da ƙarƙashin ƙofa. Magidanci ya jera buhunansa a ɗakin kwana saboda tsoron ɓarawo, ya sa ƙwaya, aka rufe ƙofa aka kwanta. Yara ne suke fara amai da dare, kuma su ne suke fara mutuwa. Wannan guba ba ta da makari. Ba a sa ta a ɗakin da ake kwana, ba a sa ta a ɗakin da ya haɗa bango da na kwana.

Akwai kuwa hanyar adana wake ba tare da ƙwaya ba. Tun daga shekarar 2007 aka fara yaɗa buhun PICS mai riɓi 3, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta yi aikinsa tare da masu binciken noma na Afirka ta Yamma, har da na INRAN a Maraɗi. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa. A busar da wake sosai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda dabam. Ƙwarin suna cinye ƴar iskar da ta rage su mutu. Tanon ƙarfe mai murfin da ke rufuwa gam, idan an cika shi, haka yake yi. Kuɗin buhun bai kai kuɗin jinyar kwana ɗaya ba.

Maganin ɓera ba ya bukatar dogon bayani. Muna cuɗa shi da tuwo ko ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi, mu ajiye a ƙasa, daidai inda mai rarrafe yake bi. Wani irinsa yana aiki nan take, wani kuma sai bayan kwana 2 ko 3 a ga jini yana fita ta hanci ko dasashi. Gidan da ke da ƙaramin yaro, tarko da kyanwa sun fi masa.

Soda da ruwan jabel

Mata da yawa sun koyi yin sabulu, kuma sana'a ce mai albarka. Amma sodar da ake yinsa da ita, idan tana gari kamar sukari take, idan an jiƙa ta kamar ruwa take, ba launi ba wari. Akan jiƙa ta a roba a bar ta ta kwana ta huce. Kurɓi ɗaya yana ƙona baki da hanyar abinci. Ciwon bakin yakan warke, iyaye su yi hamdala, sai bayan ƴan makonni hanyar abincin ta tsuke saboda tabo. Yaro ya kasa haɗiye tuwo, daga baya ya kasa haɗiye kunu, ya rame. Jinyarsa sai babban asibiti, ana buɗa hanyar sau da yawa, wani lokaci shekaru. A jiƙa soda a ɗakin da ake kullewa, a robar da ba a yin komai da ita sai wannan aiki. Ruwan jabel na wanki bai kai soda ƙarfi ba, amma shi ma ba a juye shi a kwalbar ruwan sha.

Maganin da ke warkarwa

Ƙwayar ƙarin jini da ake ba mata masu ciki a wurin awo ja ce, mai santsi, kamar alewa. Idan yaro ya samu ledar yakan cinye da yawa, ya yi amai da zawo, wani lokaci da jini, ya lafa kamar ya warke, sannan hanta ta lalace. Farasitamol ma haka: ranar farko babu alama, ɓarnar hanta sai kwana na 2 ko na 3. Nibakin, da ƙasarmu ta bar amfani da shi don zazzaɓin cizon sauro tun 2005, ƙwayoyi kaɗan nasa suna iya tsayar da zuciyar yaro cikin sa'o'i. Tiramol da samari ke ajiyewa a aljihu yana danne numfashi. Maganin hawan jini da na ciwon sukari da kaka ke ƙullewa a bakin zane ko ƙarƙashin matashi, su ma haka.

Tun 2013 ake rabon maganin rigakafin zazzaɓi a damina ga yara ƴan wata 3 zuwa 59. Ana ba yaro na ranar farko a gaban mai rabo, a bar wa uwa na kwana biyu. Kowane yaro da nasa gwargwadon shekarunsa. A ɗaga shi sama, kada a haɗa na kwana biyu a rana ɗaya, kada a ba wani yaron. Kuma mu daina ce wa yaro magani alewa ne don ya yarda ya sha. Zai riƙe maganar.

Mafi kyawun ma'aji shi ne akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a ɗora shi sama, mabuɗin yana hannun babba. Ɗaya na maganin mutane, a ɗaki. Na gona kuwa wajensa dabam, nesa da abinci da wurin kwana. Tsawo kaɗai ba ya isa, domin yaro mai shekara 3 ya san ya jawo turmi ya taka.

A bakin shinge kuma akwai ƴaƴan bini-da-zugu masu daɗi kamar gyaɗa, da ƴaƴan zurma, da idon zakara mai jan ido, da zaƙami wanda sunansa na biyu, haukata-yaro, ya isa bayani. A nuna wa manyan yara su da sunayensu, domin su ne ke yawo da ƙannensu. Ƙwallon kafur na cikin akwatin tufafi da ƙaramin batir mai kama da maɓalli su ma ana haɗiye su. Batirin idan ya maƙale a hanyar abinci yana fara ƙona ta cikin sa'o'i 2.

Akwai kuma gubar da ke aiki a hankali. A shekarar 2010, a wasu ƙauyukan jihar Zamfara ta Najeriya, yara wajen 400 suka mutu saboda dalma. Mazaje ne ke kawo duwatsun zinariya gida, ana daka su ana niƙa su a tsakar gida, ƙurar ta zauna a ƙasan da yara ke rarrafe. Samarinmu da yawa suna zuwa haƙar zinariya, don haka maganar ta shafe mu: dutsen ma'adini ba ya shiga gida, ba ya shiga turmin hatsi, tufafin aikin ma a can ake cire su. Wani kwallin ma na dutse akwai dalma a cikinsa, idon jariri ya fi lafiya ba tare da shi ba.

Idan abin ya riga ya faru

Da farko a karɓe abin daga hannunsa, a share abin da ya rage a bakinsa. Kada a sa shi amai, ko me ya sha. Mun ga dalili a kan kananzir, kuma soda idan ta dawo tana sake ƙona inda ta bi. Kada a ɗura masa manja, ko man gyaɗa, ko nono, ko ruwan gishiri, ko tsamiya. Babu ɗaya daga cikinsu da ke karya guba. Mai da nono suna iya ma taimaka wa wasu magungunan ƙwari su shiga jini, suna kuma tayar da amai, gishiri mai yawa kuwa shi kansa guba ne ga yaro. Mun san wannan ya saɓa wa abin da muka gada, kuma da wuya a hana tsohuwa idan ta taso da ludayin manja. Sai an yi maganar tun kafin ranar.

Idan maganin ya zuba a jiki, a tuɓe masa tufafi, a wanke shi da ruwa mai yawa da sabulu, mai wankin ya sa leda a hannunsa. Idan ido ne, a buɗe shi a riƙa tsiyaya ruwa mai tsabta da buta har minti 15. Idan iskar guba ce, a fitar da kowa waje, a buɗe ƙofa da taga. Yaron da ya suma ko yake farfaɗiya ba a zuba masa komai a baki, ko ruwa, ko rubutu. A kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi. Addu'a ana yinta ana tafiya.

Sannan a kama hanyar gidan likita nan take, ko da yaro yana wasa. A tafi da kwalbar, ko ledar, ko reshen itacen da ya ci. A lura da lokacin da abin ya faru, a ƙirga ƙwayoyin da suka rage. A tambayi sauran yaran da suke tare ko sun taɓa, kuma a tambaye su da lallashi. Yarinyar da aka bar wa raino idan ta san duka ne zai biyo baya, za ta ɓoye, kuma ɓoyon nan shi ke cinye sa'o'in da ake bukata. A hanya gara a rungume shi a gefensa da a goya shi, domin mai goyo ba ta ganin fuskar ɗanta. Idan a moto ne, mutum ɗaya ya tuƙa, ɗaya ya riƙe.

Sau da yawa abin yakan faru maigida yana gona ko yana ci-rani, uwa ta tsaya jiran izini. Magidanta, mu ba da wannan izini tun yau, a gaban iyayenmu da maƙwabta, mu kuma bar ɗan kuɗin moto a hannun uwargida don irin wannan rana. A shekarar 2006 hukuma ta ɗauke wa iyaye kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 a gidajen likita na gwamnati, don haka kada rashin kuɗi a hannu ya zaunar da mu. A gaban malamin lafiya kuma a faɗi gaskiya: abin da ya sha, yawansa, da abin da aka ba shi a gida, har manjan idan an riga an ba shi. Jin kunya ko tsoron maganar kishiya bai kamata ya sa a ce zazzaɓi ne kawai ba, domin sai a yi masa maganin zazzaɓi.

Idan an sallame shi, a ci gaba da sa masa ido kwana 3. Tari da numfashi da sauri, ido ya yi rawaya, jini ta hanci ko a kashi, barcin da ba a iya tayar da shi, duk suna nufin a koma a ranar. Wanda ya sha soda kuwa, ko bayan wata guda ne aka ga yana tauna abinci yana tofarwa, ko yawu yana taruwa masa a baki, a mayar da shi, a kuma tuna wa malamin ranar da ya sha.